Yadda Zaka Haɗa Batirin Litiyam Na Haɗin Gida Da Na Kamfani Ba Tare Da Ka Ƙona Kuɗinka Ba

Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk wanda ya sayi batirin kamfani guda ɗaya sai ya dawo da ita bayan ƴan watanni: batirin baya kai shi asuba, kuɗin ƙara na biyu irinsa ya fi ƙarfinsa, ya ji ana cewa in mutum ya sayo sel ya haɗa da kansa ya fi sauƙi, to zai iya jona na haɗin da wanda yake da shi? Amsar ita ce eh ana yi, kuma yana aiki lafiya ƙalau in an bi ƙa'ida, amma ba kowane batiri ne ke karɓar abokin zama ba. Ga yadda ake yi daki-daki, dan Allah kar ka tsallake mataki ka tafi na gaba.

1. Fara sanin wane irin batiri ne a gidanka

Je ka duba takardar da ke manne a jikinsa. In ka ga 48V ko 51.2V to kana cikin waɗanda aikin zai yiwu musu, irin su Pylontech US2000 da US3000 da US5000, Deye SE-G5.1, da yawancin masu siffar akwati da ake jerawa a kanta ko a rataye a bango.

In kuma naka mai babban ƙarfi ne, wanda ake ɗora shi hawa-hawa wutarsa ta kai ɗaruruwan bolt, kamar BYD HVS ko HVM, ko Huawei LUNA2000, ko kuma Tesla Powerwall da ke zuwa da inbatarsa a cikinsa, to ka manta da zancen jona waya da waya, wuce kai tsaye mataki na 9.

Gargaɗi: kar ka kwance murfin batiri mai babban ƙarfi don ka leƙa ciki. Wutar da ke ciki tana kisa nan take, ko an kashe makunnin.

Sannan ka sani tun yanzu, kusan duk kamfanonin nan sun rubuta a takardar garantinsu cewa in aka haɗa batirinsu da wani iri daban garanti ya tashi. In naka sabo ne kuma akwai sauran shekaru a garantin, ka zauna ka yi lissafi da kyau kafin ka taɓa shi.

2. Ƙirga sel ɗin da ke ciki

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa rami, shi yasa zan ɗan jima a wurin. Mai shago zai ce maka "ai duka 48 ne", kuma a baki haka ake kiransu, amma a ciki ba ɗaya bane. Sel ɗin LiFePO4, wato nau'in litiyam ɗin da ke cikin waɗannan batiran, guda ɗaya 3.2V ne, iyakar cikarsa 3.65V. In an jera 16 ka samu 51.2V, in an jera 15 ka samu 48V cif. Pylontech na jerin US sel 15 ne a cikinsu, Deye SE-G5.1 kuma 16 ne, su kuma masu haɗin gida kusan kowa 16 yake sayowa saboda haka ake sayar da su a saiti.

To me zai faru in ka jona mai 16 da mai 15? Da zarar waya ta haɗa su wutarsu ta zama ɗaya dole. In ka saita caji a 56V don mai 16 ya cika, kowane sel na mai 15 zai ga 3.73V, ya wuce iyaka kenan, BMS ɗinsa, wato allon da ke sa ido a kan sel yana yanke wuta in ta wuce iyaka, zai ta yankewa yana ƙara kullum da rana. In ka sauko 53.2V don ka kare mai 15, kowane sel na mai 16 zai tsaya a wajen 3.32V, ba zai taɓa cika ba, balansa ma, wato sashen BMS da ke daidaita cajin sel da junansu, ba zata tashi aiki ba. Da dare kuma mai 16 ne zai ɗauki lodin shi kaɗai har ya kusa ƙarewa kafin ɗan'uwan ya fara bayar da abin kirki. Ka tuna tankunan ruwa biyu da aka haɗa da fayif ta ƙasa amma ɗaya an ɗora shi a kan bulo ya fi ɗayan tudu, na saman zai ta zubewa cikin na ƙasan, shi baya cika na ƙasan kuma yana ambaliya.

Maganin mai sauƙi ne: ka haɗa naka daidai da adadin na kamfanin. In nasu 15 ne kai ma jera 15, ɗayan da ya rage ka ajiye shi sifiya. Yawancin BMS na kamfanin JK suna karɓar 15 ko 16, a waya ake saita adadin.

Gargaɗi: in na haɗin naka daga ƙananan sel 18650 ne, irin waɗanda ake cirowa daga tsofaffin batiran laftof, kar ka jona shi da LiFePO4 kai tsaye ko da wutarsu ta yi kama. Su 3.6V zuwa 3.7V ne, suna cika a 4.2V, yadda suke hawa da sauka daban ne gaba ɗaya, kuma sune masu saurin kama wuta in sun ji zafi ko caji ya wuce. Ni gaskiya ban yarda a ajiye irin wannan a cikin gidan da yara ke kwana ba.

3. Kayan da zaka tanada da maganar kuɗi

Sel dai sune ke cinye mafi yawan kuɗin. Waɗanda aka fi samu su ne masu 280Ah da 314Ah na EVE ko CATL. Mai 280Ah guda 16 zai baka kusan 14.3kWh, guda 15 kuma kusan 13.4kWh, ka kwatanta da US3000C guda ɗaya da ke da 3.55kWh, kaga dalilin da yasa mutane ke sha'awar abin.

Bayan sel kana buƙatar BMS mai ɗaukar aƙalla 150A ko 200A in inbatarka 5kW ce, fiyus na DC ga kowane batiri, bireka ta DC ga kowanne, basba (sandar da wayoyi ke haɗuwa a kanta) guda biyu na tagulla mai kauri ɗaya na jan waya ɗaya na baƙa, kebul, kawunan waya na tagulla da abin matse su, takardar raba sel da sel, akwati, sai shant (na'urar da ke ƙirga wutar da ta shiga batiri da wadda ta fita) in zaka iya. Kayan aiki kuma: mita mai kyau, kilam mita, wato wadda ake maƙalawa a waya ta auna amfiya, wadda ke karanta DC (yawancin masu arha AC kaɗai suke gani, ka tambaya kafin ka biya), caja ta benci wadda ake saita mata bolt, sifana da aka naɗe jikinta da salatif, da tabarau na kare ido.

Farashi yana tafiya ne da dala, abin da aka faɗa maka a Sabon Gari ko Alaba wannan satin ba lallai ya kai sati mai zuwa ba, don haka ga yadda zaka gane ko cinikin ya yi: tara kuɗin komai da komai har da na mota da na mai aiki, ka raba da yawan kWh da zaka samu, sannan ka raba kuɗin batirin kamfani da nasa kWh ɗin. In ratar ba ta da yawa ka sayi na kamfani na biyu kawai ka huta, ga garanti ga kwanciyar hankali. Haɗin gida yana biyan wahalarsa ne in babba zaka yi.

Gargaɗi: kar ka rage kuɗi a wajen fiyus. Sel mai 280Ah in aka yi shot yana iya turo dubban amfiya, bireka ta AC irin ta wayarin gida ba zata iya yanke wannan ba, narkewa zata yi wutar ta ci gaba da tsallakawa. Nemi fiyus Class T ko NH da aka rubuta DC a jikinsa. Kebul ma ka kankare bakinsa ka gani, akwai alminiyam da aka shafa wa tagulla a sama, in cikin fari ne ka ajiye musu kayansu.

4. Gwada sel ɗin, ka daidaita su

Kafin ka biya ka duba kowane sel ɗaya bayan ɗaya. Ɗora rula a gefensa, in ka ga cikin ya turo rular tana lilo to ya kumbura. Duba lambar QR da ke samansa, in an goge ta ko an liƙa wata a kai akwai magana. Auna kowanne da mita, sababbi yawanci suna zuwa a wajen 3.25V zuwa 3.30V kuma duk kusan ɗaya, wanda ya fita daban da sauran ka ware shi.

Daga nan sai daidaitawa. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ka jera su duka ja da ja, baƙi da baƙi, ka saita cajar benci a 3.65V tun kafin ka jona ta, ka bari har amfiyar ta sauko kusan sifili. Da ƙaramar caja mai 10A wannan aiki yana ɗaukar kwanaki masu yawa sosai, shi yasa wasu ke fara jera su da BMS su yi caji da inbata har sel na farko ya kai iyaka, sannan su kwance su ƙarasa da cajar benci. Duka biyun sun yi.

Gargaɗi: kar ka murɗa maɓallin bolt na caja bayan ka jona ta don ka ga lambar ba ta kai 3.65 ba. Zata kai da kanta, in ka ƙara kana barci zata wuce, ka tashi ka tarar sel sun kumbura.

5. Haɗa naka batirin ya tsaya da ƙafarsa

Cire zobe da agogo. Sa takardar rabawa tsakanin kowane sel da na kusa da shi, saboda jikinsu alminiyam ne kuma shuɗin ledar nan siririya ce, ƙaramin gogewa zai huda ta. Ɗaure su tsakanin faranti biyu kar su samu wurin kumbura. Goge kan kowane sel, ɗora basba, ɗaure noti daidai ƙarfin da takardar sel ɗin ta ce, in ka matsa da yawa zaren zai tsinke in ka bari sako-sako wurin zai riƙa zafi.

Ƙananan wayoyin BMS ka jona su a jikin sel tukuna, filogin yana cire. Sai ka ɗauki mita ka bi ramukan filogin ɗaya bayan ɗaya, ya kamata lambar ta riƙa hawa da wajen 3.3 a kowane rami. In ka ga ta yi tsalle ko ta koma baya akwai wayar da ka sa ba a wurinta ba, gyara kafin ka cusa filogin, in ba haka ba BMS ɗin ya tafi kenan.

A saitin BMS sa yankewar sama a 3.65V, ta ƙasa a wajen 2.7V, balansa ta fara aiki daga 3.40V ko 3.45V. Sannan ka cire na kamfanin, ka bar wannan ya yi aiki shi kaɗai a kan inbata na wasu kwanaki, ya cika ya sauka, kana kallon ratar sel a waya. Batirin da bai zauna daidai shi kaɗai ba haɗa shi da wani ba zai gyara shi ba.

6. Wayarin: kowa da hanyarsa zuwa basba

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauko wayar sabon batiri a ɗaura ta a kan tsohon, sannan daga tsohon a wuce inbata. Kar kayi haka, wutar duka zata bi ta kan na kamfanin kuma ba a yi kawunansa don haka ba. Kowane batiri ya fito da jan wayarsa, ta bi ta fiyus ɗinsa kusa da batirin sosai, ta bi ta birekarsa, ta sauka a basba. Baƙar waya ma ta tafi nata basbar. Daga basba ne waya ɗaya mai kauri zata tafi inbata, in kana da shant a wannan baƙar wayar ta inbata zaka sa shi don ya ƙirga na duka biyun.

Inbata 5kW in ta cika lodi tana jan sama da 100A daga batiri, don haka 35mm² shi ne mafi ƙaranci a babbar waya, 50mm² ya fi kwanciyar hankali musamman a zafin nan namu. Ja da baƙa na kowane batiri su zama tsayi ɗaya, kuma duka gajeru. Girman fiyus ya bi ƙarfin wayar da yake karewa, kar ya fi ta. Jikin akwatin ƙarfe a jona shi da wayar ƙasa.

Wurin ajiya ma magana ce. A Kano ko Sokoto ko Maiduguri zafin watan Afrilu yana wuce 40, ɗakin da rufin kwano ne ba silin kuma ya fi haka, zafi kuwa shi ke cinye shekarun litiyam a hankali. Nemi wuri mai inuwa da iska, ɗaga shi daga ƙasa saboda ruwan damina, nesa da janareta da jarkar mai da tukunyar gas, a toshe inda ɓera zai shiga ya ci ƙananan wayoyin BMS.

7. Ranar jonawa

Ka cika kowanne daban da bolt iri ɗaya, ka kashe, ka bar su su huta awa ɗaya ko biyu. Dalilin da yasa nace a cike, shi LiFePO4 a tsakiyar cajinsa wutarsa kusan a kwance take, mai kashi 40 da mai kashi 70 mita zata nuna maka su kusan ɗaya, sai a can sama ne lambar ke faɗin gaskiya.

Auna su. Ratar kar ta wuce 0.2V, in ta wuce haka ka dakata ka ɗan sauke wanda ya fi da ƙaramin lodi. Abin da yasa ake tsanantawa, hanyar da ke tsakaninsu a buɗe take sosai, a ce turjiyar duka 0.02 ohm ce, ratar 2V kaɗai zata tura 100A daga wannan zuwa wancan ba tare da ka kunna ko ƙwan fitila ba.

Tabbatar da ja da baƙi da mita, kar ka dogara da launin waya. Kashe sola da wutar NEPA da lodi. Fara kunna na kamfanin, yawancinsu suna da tsarin cika kafasitocin inbata a hankali, in kuma da naka zaka fara to ka bi ta resista na ƴan daƙiƙu tukuna don kar tartsatsi ya tashi. Maƙala kilam mita a wayar na biyun sannan ka ɗaga birekarsa. Zaka ga ƴan amfiya suna wucewa suna raguwa, wannan daidai ne. In lambar ta yi sama sosai ta ƙi sauka, sauke bireka.

8. Saitin inbata: wa zai yi magana?

Inbata BMS ɗaya kaɗai take iya sauraro, kai kuma yanzu biyu gareka. Zaɓi uku ne.

Na farko ka bar wayar sadarwa a jikin na kamfanin. Yana aiki, amma shi kansa kaɗai ya sani. Ɗauki US3000C, 74Ah ne kuma takardarsa ta ba da shawarar caji a 37A, to iyakar da zai faɗa wa inbata ta shi kaɗai ce, alhali ka ƙara 280Ah a gefe. In inbata ta tsaya a 37A, cika 354Ah daga ƙasa zai ci sama da awa 9, rana zata faɗi fanel ɗinka suna zaune ba a sha wutarsu ba. Kuma ranar da ya ce ya kai 100 inbata zata sassauta ko naka bai gama ba.

Na biyu ka ba BMS ɗinka maganar, in irin na JK ko Seplos ne masu ramukan sadarwa na CAN da RS485, tunda shi ne babba. Sharaɗin shi ne na kamfanin ya yarda ya yi aiki ba waya, wasu suna yi wasu kuma suna kashe kansu, ka gwada tukuna.

Na uku, wanda ni na fi so in girman ya bambanta sosai, ka cire wayar sadarwa gaba ɗaya ka tafi da bolt. A inbatar Deye zaka zaɓi Use Batt V maimakon Lithium, a inbatar Growatt SPF kuma saiti na 05 ka mayar da shi USE. Ga mai sel 16 sa caji 55.2V zuwa 56V, fulot (bolt ɗin da ake riƙe batiri a kai bayan ya cika) wajen 54V, yankewa 48V. Ga mai 15 sa caji 52.5V zuwa 53.2V, yankewa wajen 46V. In takardar na kamfanin ta faɗi lamba ƙasa da wannan bi tata. Kashe ikwalaizeshan kwata-kwata, na batirin ruwa ne. Kason caji kuma a shant zaka riƙa dubawa.

Gargaɗi: kar ka ɗauki wayar intanet ka haɗa ramin BMS ɗinka da ramin da batiran kamfani ke magana da junansu don kawai filogin ya shiga. Jerin wayoyin ciki da yaren da suke yi daban ne, kana iya ƙona allon.

Sai maganar amfiyar caji, ita ma a kula. In ka sa 120A saboda su biyu ne, ranar da BMS ɗinka ya yanke duka 120A ɗin zasu afka wa ƙaramin shi kaɗai. Ka tsaya a lambar da ƙaramin zai iya jurewa na ɗan lokaci, haka ma lissafin lodi da dare, esi da firiza da famfon burtsatse in suka tashi tare.

9. In ba zasu jonu ba

Ga masu babban ƙarfi, ko 15 da 16 da an riga an saya, ko 18650, hanyar ita ce kowane batiri ya samu inbatarsa. Mafi sauƙi ka raba lodin gida biyu, fitilu da fanka da talabijin a ɗaya, firiza da famfo da esi a ɗayan, ka sa canjoba tsakani don in ɗaya ya ƙare ka juya. Ko kuma ka ɗauki wutar da inbatar na haɗin ke fitarwa ka shigar da ita ta ƙofar janareta ta babbar inbata, ka rage amfiyar da zata ja daidai ƙarfin ƙaramar. Akwai asarar wuta a wannan juye-juyen amma garantinka yana nan.

Gargaɗi: kar ka taɓa haɗa fitar inbata biyu a waya ɗaya sai in iri ɗaya ne da aka yi su don haka kuma an sa musu wayar da ke daidaita su.

10. Satin farko

Kunna lodi mai nauyi na rabin awa, ka maƙala kilam mita a wayar kowanne. Mai 280Ah da mai 100Ah ya kamata babban ya ɗauki wajen kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu, rabon zai riƙa canzawa yayin da suke sauka, wannan ba matsala bane. Matsala ita ce ka ga ɗaya a sifili, ko ƙaramin yana ɗaukar fiye da ƙarfinsa, in haka ne duba bireka da fiyus da kawunan waya na babban.

Kashe komai ka taɓa kowane noti da kan waya da bayan hannu, wanda ya fi sauran ɗumi sako-sako ne ko an matse kan wayar ba daidai ba. Bayan sati ka sake bin notocin duka. Ka tabbata aƙalla sau ɗaya a sati sun cika har sama don balansa ta yi aikinta kuma lissafin kaso ya dawo daidai, lokacin damina da hazon hunturu da rana ke ƙaranci ka cika su da NEPA ko janareta. Sannan ka rubuta lambobin saitin a takarda ka manna a jikin akwatin, har da adadin sel da wace bireka ce ta wane batiri, saboda duk mai gyaran da zai zo bayanka ya san batiri biyu ne a kan basbar kuma sai ya sauke duka biyun kafin ya sa sifana.